Raka'a Huɗu a Magariba

Sidi biyar na ba Ofosu a bakin Kejetiya,
ya zaro min shi daga ƙarƙashin littattafan lissafi.
Bangon ya sha ruwa. Jirgi na cin wuta a kai,
wani ya juya baya da bindiga a hannu.

Ni mai gadi ne,
siton kifin ƙanƙara a Asawase,
daga isha'i har kiran assalatu.
Injin sanyi na gurnani, ɓeraye na sha'aninsu,
ni da tocila da kujerar roba mai ɗingishi.

Kana tambaya me nake nema a ciki?
A can ba abin da ke faruwa a banza.
In mutum ya naɗe jarida, saƙo ne.
In mace ta bar laima a tasha, wani zai kwana a kabari.
Nan kuwa shekara tara ina kallon ƙofa ɗaya,
ko mage ba ta taɓa shigowa da wata manufa ba.

Marubucin ya san aikinsa, ban raina masa ba.
Ya san harsashi nawa ke cikin kowace bindiga,
ya san yadda kuɗi ke tashi daga banki su sauka a wani
ba tare da sun taka ƙasa ba.
Har na fara duban mai shayin layinmu da wutsiyar ido.

Sai shafi na ɗari biyu da shida.
Mai ɗaure bam a ƙirji ya shigo,
sunansa Mumuni.
Sunana.
Na kashe tocila, na saurari injin.
Da na kunna, yana nan, yana alwala,
ya tashi ya yi magariba raka'a huɗu.

Huɗu!
Na yi dariya har kare ya amsa daga garejin Bawa.
Mutumin da ya ƙirga kusoshin jirgin yaƙi
bai sami wanda zai ƙirga masa uku ba.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba.
Ɗan 'yar'uwata, Sadisu, yaron motar tumatir,
bara ya tafi arewa, ya ƙetare iyaka,
ya dawo bayan kwana goma sha ɗaya
babu mota, babu direba, takalmi ƙafa ɗaya.
Abin da ya gani ba shi da babi,
ba agogon da ke ƙirgawa zuwa sifili.
Har yau in babur ya yi tusa a titi
sai ya ajiye cokali.

Jami'in da ya zo yi masa tambayoyi
ba baƙin tabarau, ba waya a kunne.
Gumi yake, ya nemi ruwa,
ya ari birona, bai mayar ba.
Uwar yaron ta zuba masa tuwo,
ya ci, ya rubuta rabin shafi, ya tafi.

To, me ya hana ni jefar da littafin?
Na rasa.
Wataƙila don a can akwai wanda bai yi barci ba,
wani a ɗaki mai fitila ɗaya
yana haɗa guntayen takarda
har su zama fuska.
Mai gadi ne shi ma, sai dai ƙofarsa ta fi tawa faɗi.

Asuba ta kusa, na kai ƙarshe,
ashe babu ƙarshe:
shafi bakwai sun tafi, ƙila an ƙunshe gyaɗa da su.
Ban san ko an kama Mumuni ba.

Na je masallaci, na yi biyu, na ƙirga.
Da hantsi na koma wurin Ofosu.
Ya ce, "Yaya, ya yi daɗi?"
Na ce ƙarya ce tsagwaronta.
Akwai wani?