Yatsan Baba Gariba

Asubar Laraba ya sauka a Kejetiya,
doya huɗu a buhu, zabuwa a kwando,
takalminsa duk jar ƙasar Ejura.
Na ce, Baba, yau za a yi maka katin asibiti,
Mma Lariba da jikoki su biyo baya.

Ya ce, wa ke biyan kuɗin ciwo tun bai zo ba?
Ai kiransa ke nan, Asibi.
Na ce, irin doyar da kake ɓoyewa fa,
yunwa kake kira da shi?
Bai ƙara magana ba har Aboabo.

Bara kububuwa ta sari Sulemana a gona,
akuya biyu suka tafi kafin kumburin ya sace.
Ban tuna masa ba. Ya fi ni sani.

Muka ɗumama benci har azahar.
Yarinyar ofis ta ce ya ɗora babban yatsa.
Na'ura ta ƙi.
Ya goga a riga, ya hura, ya sake.
Ta ƙi.
Shekara arba'in ƙotar fartanya na lasar zanen
har ta cinye shi tas.
Sai ɗan ƙaramin na hagu, malalacin gida,
shi ya tsaya masa shaida.

Shekara ta zagayo, ko mura.
Ya bugo waya: kuɗina sun tafi a banza!
Na jiyo Mma daga bakin murhu:
sun je inda ake nishi, Malam,
wata ta haihu da su.
Tashi ka kamo zabuwar.