Shirun Ɗaki

Ranar Talata, ana yayyafi, Malama Pritchard ta rubuta a allo:
Kada wanda ake ɗauka ya kalli idon kyamara.
Ku ajiye shi a gefe, ku bar wa kallonsa fili.
Ku yi tambaya, ku kame bakinku.
Ku ɗauko hannuwa, taga, kofin shayi,
abin rufe ɗinki in an yanka magana.
Kafin ku naɗe waya, ku ɗauki shirun ɗakin, minti guda.
Na kwafe kaf, ban tsallake ko wasali ba.

Na saɓa jakar kwaleji, na shiga bas zuwa Highfields,
can cikin Leicester, shagon Baffa Sha'aibu mai gyaran agogo,
tsakanin mai aski da mai katin waya.
Na miƙa takardar amincewa.
Ya juya ta, ya sa hannu da ajami, daga dama,
ya ce, "'Yar ƙanena ke neman izinina da biro?
Duniya ba ta gama nuna min abin mamaki ba."

Na danna, jar fitila ta kama.
"Baffa, faɗi sunanka da sana'arka."
Ya ce, "Ina kwana tukuna.
Ya sanyi? Ya karatu? Ya mamanki da ƙafar?"
Minti huɗu muna gaisawa, batir na ƙonewa.
Fim ɗin duka minti biyar aka ba mu,
amma ban faɗa masa ba.

Na ce ya riƙa kallon kafaɗata. Ya yi biyayya.
Shekara talatin da ɗaya ya ba kafaɗar nan labari:
masaƙar safa da aka rufe, hayar farko, ɗaki ba hita.
Na ɗauki yatsunsa suna tsintar noti ƙanƙane kamar ƙwayar gero.
Sai na tambayi agogon bango, wanda ya yi gaba da awa guda.
"Na Gumel ne. Da bazara lokacinmu ɗaya,
sanyi na shigowa sai su riga mu."
Ya cire tabarau. "Abin nan naki, yana kaiwa gida?"
Bai jira amsata ba.

Ya juya, ya dubi gilashin tsakar ido:
"Yaya Tasalla, kin ga furfura.
Agogon Baba na wurina, na gyara, yana tafiya.
Ki yafe min,
ban zo jana'iza ba."

Daga nan na ce a yi shiru, minti guda, don doka.
Agogo arba'in na gardama, kowa da gaskiyarsa.
Injin mai aski ta bango. Bas ya wuce.
Da wani abu da dattijo ke haɗiyewa,
wanda makirufo bai bari ya wuce ba.

A ɗakin tacewa Malama ta saurara har sau biyu.
Ta daɗe kafin ta ce, "Nan ya karya ƙa'ida.
Rufe fuskar da hannuwan."
Na rufe. Ya yi tsaf, sai ka ce na talabijin,
yatsu na neman gafara, da fassara a ƙasa.
Maki sittin da takwas. Ban yi ƙorafi ba.

Ɗanyen kuwa, da gaisuwarsa da tarinsa da idonsa,
shi na tura Gumel ta waya.
Kwana uku, sai ga muryar Gwaggo, awaki na kuka a bayanta:
"Na gani. Ya rame. Ki ce masa na yafe tun tuni.
Amma ke, Zuwaira, duk kuɗin makarantar nan,
kin ajiye min ƙane a gefe kamar baƙo?
Ba a koya muku sa mutum a tsakiya ba?"