Layin Jira

Takarda ta ɗari huɗu da sha ɗaya
ta kwana tara a teburin Delphine Vandergriff.
Wani Orval Stucky ne, daga yammacin Kansas,
zai kafa fankokin iska a gonar alkamar ubansa,
yana neman hanyar da wutarsa za ta bi ta kai birni.

Ba a ɗora wa waya kaya sai an tambayi wuyanta.
Delphine ta zuba wutar Orval cikin taswirar kwamfuta,
ta kirawo zafin Agusta, kowane gida na'urar sanyi na ruri,
sannan da gangan ta tsinke layi guda
don ta ga inda nauyin zai faɗa.

Ya faɗa can wani ƙauyen Oklahoma,
kan wata taransifoma da ta girmi mahaifiyar Delphine.
Allo ya yi ja.

Kofi ya huce. Ta rubuta:
hanya akwai, amma sai an sauya wancan ƙarfen,
shekara huɗu, kuma da aljihunka a ciki.

Iskar Kansas ba ta san bin layi ba.
Tana can tana kaɗa rigunan Orval a kan igiyar shanya.