Falle Bakwai

A Kasuwar Katako babana ba ya ƙirga komai sai canji.
In an miƙo masa filawud
sai ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya kara kunne,
ya ce, "Zai ɗauki buhu uku. Na huɗu ba da yawuna ba."

Ni kuwa ga ni a ɗakin gwaji,
sanyin Jos ya daskarar da gam a bakin gwangwani,
ina shimfiɗa zaren rama falle-falle.
Na farko ya miƙe sak,
na biyu ya gitta shi,
na uku ya karkace kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Haka har bakwai.
Falle guda, ta tsawo namijin duniya ne,
ta faɗi ko yaron goye ya yage shi,
shi ya sa ake saɓa musu fuska,
kowa ya tsaya a inda ɗan'uwansa yake rago.

Kwana uku ina lissafi:
taurin kowanne, kaurinsa, kusurwar da ya kwanta.
Na tara, na ninka, kwamfuta ta gyaɗa kai.
Kilo ɗari huɗu da ashirin kafin ya karye.
Na rubuta a tafin hannu da biro.

Kaneng ta ɗaure shi a muƙamuƙin inji.
Allura na hawa.
Ɗari biyu.
Ɗari uku.
Sai wani ɗan ƙas,
kamar an taka busasshen ganye a bayan ɗaki.
Ɗari uku da sittin da biyar, ya wage baki.

Zaren bai tsinke ba.
Tsakanin na huɗu da na biyar
wata 'yar iska, ba ta fi ƙwayar acca ba,
ta yi zamanta tun ran Talata,
sa'ad da aka ɗauke wuta, hannuna ya tsaya cak.
Lissafi ya ɗauka falle ba ya rabuwa da falle.
Ni ce ban ba shi labarin Talata ba.

Da la'asar na kai wa Baba ragowar allon.
Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can,
ya dawo, ya sake.
Ya ɗora babban yatsa a wani gefen da ban zarga ba.
"Nan ma akwai," in ji shi.

Gumi ya riga ya cinye ashirin ɗin a tafina.
Na ari fensirin da ke bayan kunnensa,
na zagaye wurin.