Ɗingishin Ƙarya

A filin Pantami, saura minti biyu,
na dafe idon sawu na zube a ciyawa.
Ƙalau nake.
Malama Rifkatu ce ta koya mana ran Laraba:
"Ke ki faɗi, Kuluwa ta buga da sauri."

Golar Billiri, wata siririya,
ta bar raga ta sheƙo da robar ruwanta.
"Sannu, ina ne ke ciwo?"
Ban amsa ba. Ƙwallo ta wuce ta bayanta.

Alƙali ya busa usur, doka ba ta hana ba.
Kofi na kan talabijin ɗinmu,
Inna na goge shi duk Juma'a.

Robar kuwa tana jakata har yau,
da sauran ruwa a ciki.
Ko sunanta ban tambaya ba.