Goshin Tirela

Mun shigo Mildura da la'asar sakaliya,
kilomita dubu da ɗari shida a bayanmu,
ni a sitiyari, Mervyn a gefe yana ƙirga gadoji.
Na kwance tirelar daga ƙugiyar mota,
na zagayo gabanta, na riƙe haɓa:
farin goshin da muka fita da shi
kamar an yi ta jifansa da ƙwai tun daga Bourke.

Shekara talatin da ɗaya shi ke wankinta.
Bana hannun damansa ya yi masa yaji,
tun ranar da ya faɗi a bakin famfo.
Na kai masa kujera gindin lemo.
Aka raba aiki:
hannu nawa, baki nasa.

"Ba a rana ba, Noreen. Bari jikinta ya huce.
Taɓa da bayan hannu, yadda kike wa goshin jikanki."
Na taɓa. Da sauran zazzaɓi.
Muka sha shayi har inuwar gareji ta rufe ta.

Na ɗauko soson waya.
"Ajiye! Fenti ne, ba gindin tukunya ba."
Tsofaffin tawul ya sa na tsoma
a ruwan ɗumi da sabulun mota,
na lulluɓe goshin kamar mai ciwon kai.
"Yanzu zauna."
Zaman ne ya fi mini wuya.
Ya ce abin da ƙarfi ya kankare, da fenti yake tafiya,
abin da jiƙo ya saki, shi kaɗai yake fita.
Ya ce ruwan cikinsu tsami gare shi,
in ya kwana uku yana shan rana
sai ya ci gurbinsa, ya zauna din-din-din.

Na ɗaga tawul, na shafa a hankali,
sai hanya ta fara narkewa a tafina.
Wannan rawayan, farar filin Hay ce,
da ta taso mana kamar hayaƙi.
Baƙaƙen ɗigon nan, ƙwarin magariba
a bakin kogin Darling, daren da gas ya ƙare
muka ci burodi da sanyin wake.
Ga ƙudan zuma guda, da garin fure a ƙafarsa,
bai kai saƙon gida ba.

Bokiti huɗu na zubar.
Stavros ya leƙo ta kan shinge da almakashin inabi,
ya ce, "Tun tana da kyan gani, ku sa mata kuɗi."
Mervyn ya dubi lemo, bai tanka ba.
Ni ma na matse tsumma fiye da yadda yake bukata.

Da ta bushe sai kakin goge fenti.
Kaɗan-kaɗan, a kewaye, a kewaye,
a jira ya yi hazo,
a bi shi da busasshen ƙyalle har kafaɗa ta yi ƙara.
Na watsa ruwa don gwaji:
ya dunƙule, ya gangaro kamar tsakiya ta tsinke.
"Haka nake so. Na gaba in sun zo, santsi za su tarar."

Saura ɗaya, can sama ta hagu:
malam-buɗe-littafi, fukafukai a shimfiɗe,
ya buɗe shafinsa na ƙarshe a kan fentinmu.
Na san wurin. Bayan Cobar ne,
inda na fara wuce doguwar motar shanu ni kaɗai,
gwiwata na rawa, shi yana ihu da rabin baki.

Na miƙa tawul.
"Bar wannan."
Na ce, zai ci fentin fa.
Ya ce, "Na sani."

Mutumin da bai taɓa yafe wa ɗigo ba.

Na zagaye shi da kaki, ban taɓa shi ba.
Ina wanke bokiti na ji ya ce, can ƙasa-ƙasa,
"Gobe ki duba iskar tayoyi."