Bayan Mutuwar Mutumin Roba

Ƙarfe sha ɗaya da kwata mutumin roba ya cika.
Na kashe na'ura, koren layi ya kwanta,
ɗalibai uku suka tuɓe safar hannu
kamar masu dawowa daga maƙabarta.
Tun bara yake mutuwa a ɗakin nan na Gombe,
duk Talata, wani lokacin har sau biyu,
don kada ɗan wani ya mutu a hannunsu.

Muka ja kujeru.
A cinyata akwai takarda mai gida huɗu,
wai da ita zan auna zurfin tunani.
Ni kuwa a ƙauyenmu, can bayan Kumo,
rijiya kan cinye igiya gaba talatin.
Ba a sanin zurfinta da leƙe,
sai an saki guga, an kasa kunne.

Na ce, me ya faru?

Bappah ya zubo zance tiryan-tiryan:
jini ya sauka, ya ɗaura ruwa, ya kira likita,
har minti bai manta ba.
Komai na ciki, ban da shi kansa.
Na sa masa ɗaya.

Rifkatu ta ce laifinta ne, duka laifinta ne,
ta jiƙa wuyan farar riga.
Na so in ba ta uku don tausayi,
sai dai yayyafi a bakin rijiya
bai ce komai ba game da ƙasanta.

Dijatu ta yi shiru.
Harshena na ƙaiƙayi in ba ta amsa,
na danne shi, na ƙirga juyin fanka.
Can ta ce: "Tun farko na ga numfashin ya sauya.
Ban faɗa ba, don Bappah ya girme ni.
A gidanmu ƙarami ba ya gyara wa babba zance.
Na ɗauka ladabi ne.
To ladabin nawa, wa ya tsira da shi?"

Tsit.
Sai Bappah, murya ƙasa-ƙasa:
"Ko da kin faɗa, anya zan ji?"

Na dubi ɗayan da na rubuta masa.
Takardar ba ta da gidan
wanda gugan wani ya ja shi zuwa ruwa.

Ba ta kuma da gidana.
Shekara ashirin ke nan, ɗakin haihuwa, tsakar dare,
matar ba ta roba ba ce.
Na ga leɓenta ya yi fari,
na dubi babban likita, na haɗiye magana.
Ba wanda ya ja mini kujera washegari.

Suka fita suna gardamar kuɗin keke.
Na gyara wa mutumin roba mayafi,
na jona shi da wuta kafin a ɗauke,
na ce masa, sannu da aiki,
sai Talata.